Yadda ake zaɓen injin kwance noti don ɗan aikin mota a gida

Wanda bai taɓa tsayawa a gefen hanyar Tanut da rana tsaka ba, taya ta yi faci, ya hau kan kilen taya da ƙafa biyu yana tsalle noti ya ce bai san zancen ba, ba zai gane abin da ke sa mutum kwaɗayin injin nan na masu faci ba. Tarrr-tarrr sau biyar, taya ta fito. A shagunan kayan aiki na nan Damagaram kile a shok ake ce masa, daga Faransanci, masu sayayya a Kano kuma za su ji ana kiransa impak. Ni dai injin noti zan riƙa cewa, don a taƙaita.

Ba da mai garaji nake magana ba, wanda injinsa ke kuka daga safe har magariba. Da kai nake, mai mota ɗaya ko biyu a gida, da kan shiga rumfar mota ranar Lahadi ka juya tayoyi, ko ka sauya filaket ɗin birki, ko ka cire amortisa da ya mutu. Aikin da in ya yi yawa sau biyu ne a wata. Injinka zai fi daɗewa a ajiye fiye da a hannu, kuma a garin da watan Afirilu da Mayu zafi ke haura digiri 40, ajiyar ce ke kashe kaya, ba aikin ba. Saboda haka abin da makanike zai duba da abin da za ka duba ba ɗaya ba ne.

A cikin kan injin akwai guduma da uwar maƙera, kamar dai na maƙeri, sai dai ƙanana. Moto yana juya gudumar. Muddin noti na tafiya salin-alin, tare suke juyawa. Da zarar ya turje, gudumar sai ta ja baya ta matse wani sifirin, ta kuɓuce, ta zabga wa uwar maƙerar duka ta gefe, ta sake ja baya. Sau dubu biyu zuwa dubu huɗu take yin haka a minti ɗaya. Wannan bugu ne ke karya taurin noti, kuma shi ya sa injin ba ya murɗe maka wuyan hannu yadda injin huda ke yi in ya sarƙe.

Yana da wani ƙane da ake yawan rikita su, wanda kafintoci da masu rufin kwano ke ɗaure sukurori da shi. Duba bakin kawai. Na kafinta rami ne mai kusurwa shida da ake cusa masa tsinke. Na mota kuwa ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ya fito waje, wanda ake ɗora masa soket, wato duyi. In aka miƙo maka mai rami aka ce ai akwai mahaɗin da ake sa masa ya kwance taya, mayar da shi. Mahaɗin karyewa yake yi.

Da farko, san notin da za ka yi faɗa da shi

Kafin ka taka ƙafarka zuwa shago, ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da kake yi da hannunka da gaske, ba waɗanda kake mafarkin yi wata rana ba. Sannan buɗe littafin motarka ka nemi ƙarfin da aka ce a ɗaure notin taya da shi.

Ana auna ƙarfin murɗawa da Nm. Kada haruffan su tsorata ka. In ka sami kile mai tsawon mita ɗaya ka rataya masa kilo 10 a ƙarshensa, ka ba noti wajen Nm 100. In rabin mita ne kilen, sai kilo 20. Shi ke nan. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka da ft-lb suke zuwa, sai ka ninka da 1.36, wato ft-lb 300 ya zama Nm 400 da ƴan kai. Tsofaffin littattafan motocin Japan kuma kgf·m suke rubutawa, wannan ka ninka da goma ka kusa daidai.

Notin tayar Toyota Corolla Nm 103 yake so, da soket lamba 21. Yawancin ƙananan Honda Nm 108 ne da lamba 19. Ƙananan Volkswagen Nm 120 da lamba 17. Land Cruiser babba ta fi haka, notinta lamba 22 ne, Nm 131 in rim ɗin na alminiyom ne, 209 in na ƙarfe ne. Babban notin da ke tsakiyar ƙafar gaba ta Corolla, wanda ke riƙe kardan, wato sandar da ke juya taya, Nm 216 ne.

To, in notin taya ɗari da ƴan kai ne, me ya sa ba za ka sayi injin Nm 150 ka huta ba? Domin abin da littafi ya ce da abin da ke jikin motarka daban ne. Yaron mai faci da ya ɗaure maka taya a karon baya bai karanta littafi ba, bututu ya zura wa kile ya hau kai har sai da ƙarfe ya yi ƙara. Notin da aka ce 103 yana iya zama a 250 ko fiye. Ga kuma zafin birki da ke gasa shi kullum, ga yashi da ke shiga zarensa. Akwai wani abin kuma da ba a cika lura da shi ba. Mu nan ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta damunmu sosai, amma mafi yawan motocinmu na hannu ne daga Turai, ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suka shigo, bayan sun yi shekaru suna bin titunan da ake barbaɗa wa gishiri lokacin ƙanƙara. Leƙa ƙarƙashin irin wannan mota, za ka ga notin amortisa da na salansa sun yi jawur, sun zama abu ɗaya da ƙarfen da suke kai.

Abin da ni nake bi shi ne, in nemi injin da ƙarfin kwancewarsa ya ninka notina mafi tauri sau uku. Ga mai Corolla da taya da birki kawai yake taɓawa, injin da ke ba da Nm 300 zuwa 400 na gaskiya ya wadatar. Ga mai Hilux ko Land Cruiser, ko wanda yake son shiga aikin ƙafar mota, ya nemi mai 600 zuwa 700. Fiye da haka na masu tirela ne.

Girman baki

Nan ba sai an daɗe ba. Bakin injin kala-kala ne: inci 3/8, rabin inci, inci 3/4, da inci ɗaya. Sayi rabin inci, wanda ake rubuta 1/2 ko mm 12.7. Shi ne aka fi samun soket ɗinsa a ko'ina, har wurin masu baza tsofaffin kile a ƙasa. Mai 3/8 ya yi wa taya kaɗan, sai dai in babur kawai gare ka. Mai 3/4 kuma nauyi ne da tsada a banza.

Iska, waya, ko batir

A nan mutane suka fi ɓata kuɗi.

Na iska shi ne wanda kake ji a wurin manyan masu faci. Shi kansa injin ba shi da tsada, ba shi da nauyi, kuma yana iya shekara da shekaru in ana ɗiga masa mai. Ajiya ba ta yi masa komai. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ake saye ba. Yana son iska mai matsin bar 6.2, kuma yana shan sama da lita 100 a minti, in noti ya turje ya sha ninkin haka. Ƙaramin kwamfaresa mai tankin lita 24 noti biyu zai kwance ya tsaya haki. Sai mai lita 50 ko sama, da tiyo mai faɗin mm 10 ta ciki, don siririn tiyo shaƙe injin yake yi. Sannan shi kwamfaresan lantarki yake so, ga ƙara da za ta tashi maƙwabta daga barcin rana. In kana da shi tuntuni don fenti ko hura taya, to sayi na iska, ka yi riba. In ba ka da shi, kada ka saya don noti ashirin a wata.

Na waya, wanda ake jonawa a bango, wutarmu ta 220 yake ci, kuma shi ne ya fi dacewa da ajiya, tunda babu batir da zai mutu. Ka jefa shi a akwati shekara guda, ka ɗauko ka jona ya tashi. Yana da araha in aka kwatanta da ƙarfinsa. Aibinsa uku ne: dogo ne mai nauyi, ba ya shiga lungun ƙafar mota, da yawansu gudu ɗaya gare su, ko kashe ko kunne, kuma ranar da ka ɗaga mota a jak aka ɗauke wuta, sai ka zauna ka yi tagumi. Ƙaramin janareto ba lalle ya ɗauki mai wat 900 ko 1000 ba, don lokacin tashi yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta masa. Duk da haka, mutumin da a cikin gida kawai zai yi aiki, sau huɗu ko biyar a shekara, kuma aljihunsa ba nauyi, ni na waya zan ce ya saya, ba kunya a ciki.

Akwai wani ƙarami da ake jonawa a batirin mota, mai bolt 12. Ba ya bugu a jere, sai ya yi ta juyi ya tara ƙarfi sannan ya buga sau ɗaya, ya sake tarawa. Don sauya taya a hanya yana da amfani, musamman ga dattijo ko uwargida mai tuƙa kanta. Amma ba kayan aiki ba ne, kayan ko-ta-kwana ne.

Sai na batir, wanda shi ne mafi yawan mutane za su ƙare a kansa, ni ma shi nake riƙe. Ba waya, ba tiyo, ka ɗauke shi zuwa gona ko gidan ƙaninka. Amma ka sani tun yanzu, ba injin kake saye ba, batir kake saye. Shi ne rabin kuɗin ko fiye, shi ne zai riga komai mutuwa, kuma galibi batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Makita da nata, DeWalt da nata, Bosch da Milwaukee kowa da nasa. Don haka in kana da injin huda ko na yankan ƙarfe mai batir na wani kamfani, fara neman injin noti na kamfanin nan, ka sayi gangar jikin kawai ba batir ba caja. Wannan ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba. Batirin da ke yawo tsakanin injuna uku yana samun aiki, yana samun caji, ba ya kwana wata shida a mace. In ba ka da ko ɗaya, tambayar da za ka yi ita ce: bayan shekara uku, a ina zan sami wannan batirin? Wanda za ka samu a Damagaram ko Maraɗi ko Kano ya fi wanda sai an yi maka saƙo daga Dubai, ko da wancan ya fi suna.

Karatun kwali

Ni ma an yi da ni, shi ya sa zan ja zancen nan. Injina na farko a akwati mai kyau ya zo, batir biyu, soket huɗu, har da ƴar safar hannu. A jikin batirin an rubuta 588V da manyan haruffa, a kwali kuma Nm 1200. Kuɗinsa bai kai na batir ɗaya na kirki ba. Na kawo gida ina murna, na ɗora a tayar baya. Ya yi ta tarrr har kansa ya ɗau zafi, noti ko gezau. Da kilen hannu na ƙarasa. Kafin damina ta zagayo batir ɗaya ya daina karɓar caji. Araha ba ta ado.

Ga yadda lissafin yake. A cikin batirin akwai ƙwayoyin litiyom masu kama da batirin tocila, kowace bolt 3.6 take bayarwa. An jera biyar, sun ba da 18. In an cika su da caji suna kaiwa 20 zuwa 21 kafin a fara aiki. Saboda haka 18V da 20V da 21V duk abu ɗaya ne, bambancin salon talla ne kawai. Amma 88V, 128V, 388V, 588V a kan batirin da bai fi tafin hannu ba, wannan ba bolt ba ne, lamba ce aka buga don ido. Kamfanin da ya yi maka ƙarya a nan, me zai hana shi yi a Nm?

Lamba ta biyu ita ce Ah, wato yawan abin da batir ke ɗauka. Mai 2Ah jeri ɗaya ne na ƙwaya biyar, siriri. Mai 4Ah ko 5Ah jeri biyu ne, ƙwaya goma, mai kauri. Injin noti mai kauri yake so, ba don daɗewa kawai ba, don lokacin da guduma ke faɗa da noti wuta mai yawa yake zuƙa a lokaci ɗaya, jeri ɗaya kuwa sai ya durƙusa. Injin ɗaya ne, amma da babban batir ya fi bugu. Kuma nauyi ba ya ƙarya. Kowace ƙwaya ta kirki wajen giram 45 ce, goma 450, in aka haɗa da gidansu ya kama 600 ko kusa. In aka ba ka batir mai kauri amma ka ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai, ko an rubuta masa 19800mAh, ajiye. Ba laifi ba ne ka ɗora shi a sikelin mai shagon da ke kusa.

Sai Nm ɗin kansa. Kamfanonin kirki lamba biyu suke bayarwa: ƙarfin ɗaurewa da ƙarfin kwancewa, na biyun ya fi girma. Ɗauki Makita a matsayin ma'auni, ba don lalle ita za ka saya ba. DTW300 tana ɗaurewa da 330, tana kwancewa da 580. DTW700 kuma 700 da 1000. Babbarsu DTW1002, 1000 da 1600, kuma da batir ta haura kilo 3. Riƙe waɗannan a ka. In wani inji mai girman ta farkon, mai rabin nauyinta, ya ce shi 1200 ne, ka san inda aka dosa. In kwali lamba ɗaya ya bayar, ɗauka ta kwancewa ce, ta ɗaurewar ta yi ƙasa da haka sosai.

Kada kuma ka ce bari in sayi babbar gaba ɗaya in huta. Na riƙe irinta. Kilo uku da rabi a hannu ɗaya, kana kwance a ƙasa kana neman notin da ke bayan birki, ba wasa ba ne. Ba ta shiga inda ake so, kuma in ta sami ƙaramin noti ba ta kwance shi, tsinke shi take yi. Ta tsakiya ita ce ta gida.

Jabu kuma ya yi yawa, musamman masu kwaikwayon launin manyan kamfanoni, shuɗi-kore da rawaya da ja. Duba rubutun sunan harafi-harafi, duba lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta kwali, kuma in farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka riga ka sami amsa. Wanda ba jabu ba ne amma ƙaramin kamfani ne da ya sa sunansa na gaskiya, ya fi jabun babban suna.

In na hannu ne daga waje, juya cajar ka karanta bayanta. Wadda aka yi wa Amurka 120V kawai take ci. Ka jona ta a bangonmu, ƙauri za ka ji.

Ƙananan abubuwa da ke da amfani

Moto iri biyu ne, mai gawayi, wato ƴan baƙaƙen dunƙule da ke goga a ciki suna kai wuta, da marar gawayi. Marar gawayi ya fi ƙarfi a ƙaramin jiki, ya fi tattalin batir, ba ya tartsatsi, kuma ƙurar hunturu ba ta cin sa kamar ɗaya. Mai gawayi kuma in ya tsaya, mai gyaran injin yankan ƙarfe zai sauya masa gawayi ya tashi, alhali marar gawayi in allon lantarkinsa ya ƙone sai dai sabo. Ga mai aiki jefi-jefi gawayi ba zai ƙare da wuri ba, don haka kada wannan ya hana ka barci. In kuɗi sun kai, ɗauki marar gawayi.

Abin da ba zan yafe ba shi ne matakan gudu, aƙalla uku, da kunamar da ke bin yatsa, in ka danna kaɗan ya juya a hankali. Wasu suna da tsarin tsayawa da kansu da zarar noti ya saki, don kada ya fice ya faɗa cikin yashi. Duk wanda ya taɓa tankaɗe rairayin tsakar gida yana neman noti zai so wannan. A bakin kuma, zaɓi mai zobe, wanda ake cire soket da hannu, ba mai ƴar ƙusa da sai an tsokane ta da tsinke ba.

A shago

Zuwa da kai ya fi aike. Tafi da motarka, ka faka a ƙofar shagon. Zaga shaguna biyu ko uku, na kewayen kasuwar Dole da na bakin manyan tituna, kafin ka ciro ko jika ɗaya. In ka ga wanda ya kwanta maka, bayan gaisuwa ka ce:

"Alhaji, ga motata nan waje. A sa masa batir mu gwada a noti biyu. In ya kwance, mun yi ciniki."

Zai iya cewa, "Haba Malam, sabo ne dal a kwali, in an buɗe wa zai saya?"

"Ni zan saya, Alhaji, in ya yi aikin da aka rubuta masa."

Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan, sau da yawa ma yana da na gwaji a ajiye. In ya ƙi sam, yi masa godiya ka wuce gaba.

In an yarda, lura da daƙiƙa nawa ya ɗauka. Notin tayar ƙaramar mota bai kamata ya wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Gwada gaba da baya. Kama bakin ka girgiza, ɗan motsi ba laifi, amma kada ya yi lakwaf-lakwaf. Cire batir ka mayar, ka ji ya shiga ƙyas. Sansana ramukan iska ko akwai ƙauri. Jona caja a gabansa ka ga fitilarta ta kama. Sannan ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da shi in ya ba da matsala, a rubuta a rasit tare da lambar injin.

Kada kuɗin su ƙare a kan inji

Ware wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tanada don abubuwa biyu. Na farko baƙin soket. Farin soket mai ƙyalli da ke cikin akwatin kilenka, wanda aka rubuta wa Cr-V, na hannu ne. Ƙarfensa tauri gare shi, in guduma ta dame shi tsagewa yake yi, ɓallinsa kuma ba ya tambayar inda ido yake. Na inji baƙi ne mai kauri, an rubuta masa Cr-Mo, mai kusurwa shida. Ba sai ka sayi jeri guda ba: 17, 19, 21, 22 dogaye sun gama da taya, sai ka ƙara 14 da wanda motarka ta nema. In rim ɗinka na alminiyom ne mai matsattsun ramuka, nemi siraran da aka yi wa rigar roba.

Na biyu kilen awo, wanda ake saita masa lamba ya yi ƙas in an kai, masu Faransanci na ce masa kile dinamometirik. Mai rabin inci da ke aunawa daga wajen 40 zuwa 210 ya isa. Injin noti bai san 103 ba, bugu kawai ya sani. In da shi za ka riƙa ƙarasa ɗauri, ka zama yaron mai bututun nan da muke kuka da shi, har ka fi shi ɓarna. Ƙarfen da noti ke hawa miƙewa yake yi in an wuce kima, ya raunana, wata rana a kan hanyar Magarya ya tsinke. Tabarau na kariya da abin toshe kunne ma ka haɗa, don ƙarar injin tana kaiwa wajen desibel 100.

Ranar aikin farko

Faka a wuri mai tauri, ba kan rairayi ba, in kuwa dole ne, sa faffaɗan katako ƙarƙashin jak. Ja birkin hannu, sa dutse a tayar da ba za ka taɓa ba. In za ka shiga ƙarƙashi ko ka sa hannu a ƙafar mota, kafa mata ƙafafun ƙarfe, jak kaɗai ba abin yarda ba ne, bulon siminti kuma rugujewa yake yi ba sallama.

Tura soket ya zauna har gindin noti, riƙe injin a miƙe da hannu biyu, duba maɓallin yana kan baya, sannan ka danna. In daƙiƙa biyar ta wuce bai motsa ba, saki. Fesa masa man sassauta tsatsa, ka sha shayi, ka dawo. In ya ƙi har yanzu, karya shi da dogon kilen hannu, injin ya ƙarasa. Kuma in kana taimakon wani mai Canter ko Dyna, duba kan ƙarfen ko akwai harafin L, domin a ɓangaren hagu na irin waɗannan motoci akwai masu zaren hagu, kana ganin kwancewa kake yi ashe ɗaurewa kake.

Wajen mayarwa, goge zaren da burushin ƙarfe, kada ka shafa masa mai ko giris, don lambar da ke littafi ta busasshen zare ce. Fara kowane noti da yatsunka, zagaye uku ko huɗu. In ya hau a karkace yatsa zai gaya maka, inji kuwa tura shi zai yi ya cinye zaren. Sa mataki mafi ƙasa, ka kai su su zauna kawai, kana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa ta ɗaya gefen, ba bi da bi ba. Sauke mota, ƙarasa da kilen awo. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 sake bin su, zuwa Mirriya da dawowa sau biyu ya isa.

Akwai inda injin ba ya zuwa ko kusa: buji, notin zubar da baƙin mai, notin sirri na hana satar taya, da duk wani ƙaramin noti da ke shiga alminiyom.

In ka gama, zare batir daga jikin injin. Kada ka sa shi caji yana da zafi, bari ya huce, kuma a bazara yi cajin da asuba ko da dare, don ba a son caji in zafi ya wuce digiri 40. Ajiye shi da wajen rabin caji, ba a cike tam ba, ba kuma a ƙare ba, cikin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano. Duk wata biyu ko uku danna maɓallinsa ka ga fitilu nawa suka rage, in sun sauka ka ɗan ƙara masa. Injin kuma a kakkaɓe shi ya koma akwatinsa a rufe saboda ƙura, kilen awo a mayar da shi kan lambarsa mafi ƙasa.

Kamfanoni suna gargaɗin kada batir ya zauna inda zafi ke kaiwa digiri 50, motar da aka rufe a rana a watan Mayu kuwa tana wuce haka kafin azahar. Saboda haka but ɗin mota ba mazauninsa ba ne. Ranar doguwar tafiya ka ɗauke shi, ka sa a ƙasan kujera inda inuwa take, in ka dawo ka shigar da shi ɗaki. Abin da zai zauna a but kullum shi ne kilen tayarka na hannu, wanda yanzu zai iya kwance notin ba tare da ka hau kansa ba, tunda da awo aka ɗaure su.